Kawu Mai Zaɓen Jirage

Daga Allah muke, kuma gare Shi ake komawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon Kawu aka kira, yayan mahaifiyata, bayan jinyar da ba ta kai wata biyu ba.

Ranar da aka shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gidansa a Kaura Namoda, na ga abin da ban saba gani a zaman makokin dattijo ba. Mutum zai zo ya durƙusa, ya ce, "Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya sa ya huta." Mu amsa, a shafa fatiha. Daga nan sai ya yi shiru yana kallon tabarma. A daidai wurin ne aka saba jin an ce mamaci mai haƙuri ne, ko mai fara'a, ko mai son zumunci. Mutane sun zo da yawa, har daga Shinkafi aka yi ayarin motoci da hantsi saboda halin da hanya take ciki, amma kowa ya kai wannan gaɓar sai ya tsaya. Wani dillalin shanu daga Moriki ne kaɗai ya yi ƙoƙari. Ya gyara zama ya ce, "Ni dai abin da zan shaida, bai taɓa yi min ƙarya ba. Ya taɓa tsai da motata a bakin kasuwa, ya ce lodin da na yi wa shanuna lodin jahilai ne." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma da gaskiyarsa."

A cikin gida na tarar da Inna, mahaifiyata, zaune tana jan carbi, idonta a bushe. Na yi mata gaisuwa. Ta ce, "Yaya ya tafi da bakinsa. Allah Ya yi mishi rahama, Shi da Ya fi mu haƙuri."

Babbar 'yarsa ce ta ce in rubuta wani abu a kansa. Ta ce su faɗansa kawai suka sani, ni ne na yi shekara goma sha ɗaya a ofis ɗaya da shi, ni na san abin da yake fita yi. Na ce mata idan na rubuta ba zan yi masa kwalliya ba, don ban so shi ba, kuma ta sani. Ta ce in rubuta hakan, ya fi a manta da shi.

A Kaura ana ce masa Alhaji Mai Jirgi, kuma har ya rasu akwai masu zaton tuƙi yake yi. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Mahaifinsu ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a nan Kaura, inda layin dogo ya ƙare, a nan Kawu ya tashi yana kallon yadda ake haɗa taragu. Da ya yi karatu sai ya shiga kamfanonin jiragen sama, ya zauna a ofishin da ba wanda yake gani, ofishin tsari. Aikinsa shi ne ya faɗa wa kamfani wane irin jirgi zai saya ko ya ɗauko haya, guda nawa, kujera nawa za a sa a ciki, kuma wace hanya kowanne zai bi. Matuƙa ake ɗauka hoto, amma ko kamfani zai rayu ko zai mutu, a teburin irin su Kawu ake yanke shi.

Kullum akwai tef ɗin awo irin na teloli a aljihun rigarsa. Idan baƙo ya zauna a ofishinsa, yana iya katse masa magana ya auna daga gwiwarsa zuwa bayan kujera, ya rubuta, sannan ya ce ya ci gaba. Ba ya gaisuwa mai tsawo. Ba ya cewa sannu da aiki. Idan ka kai masa takarda mai kyau sai ya ajiye ta gefe bai ce komai ba, idan kuma da kuskure sai ya kira duk ofis su zo su ji. Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, "Jirgi in yana ƙasa ci yake, ba ya kawowa." Mun ji ta har mun gaji.

Ni da kaina na nemi aiki a ƙarƙashinsa, ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin. Wani attajiri ne a Kano ya kafa kamfani, da niyyar kai talaka nesa da araha: masu Umra zuwa Jidda, 'yan kasuwa zuwa Dubai, in hali ya yi har Sin. Ya ɗauko Kawu ya tsara masa jiragen. Ranar da na fara, Kawu ya dube ni a gaban mutane ya ce, "A nan ba ni da ɗan ƙanwa." Na ɗauka magana ce ta a ji. Ashe nufinsa abin da zai yi wa bare sau ɗaya, ni zai yi mini sau biyu.

Zaɓi uku ne a gabanmu. Akwai tsofaffin manyan jirage masu inji huɗu da kamfanonin Turai suke rabuwa da su a banza. Akwai masu faɗin ciki, inji biyu, hanyar wucewa biyu, waɗanda ake ɗauka haya. Sai kuma siraran jirage sababbi masu hanyar wucewa ɗaya, da aka ƙara wa tankin mai don su yi nisa. Ni siraran nake so. Na yi wata uku ina aiki a kansu. Hujjata mai sauƙi ce: ba sa shan mai, kuma cika ƙaramin jirgi ya fi cika babba sauƙi, musamman idan lokacin Umra ya wuce.

Ranar taro, a gaban mai kamfani da manajoji, Kawu ya ɗauki rahotona ya riƙa karantawa da Turanci yana fassarawa da Hausa, da murya irin ta mai karanta wasiƙar yaro. Da ya gama ya ce, "Tankin man da aka ƙara, ina aka sa shi?"

Na ce, "A ƙasa, a ma'ajiyar kaya."

"To kayan Hajiya da ta je Dubai sarin atamfa, bisa kanka za ta aza su?"

Aka yi dariya. Ya ci gaba. Ya tambaye ni ko na san nauyin da jirgi yake iya tashi da shi daga Kano da azahar a watan zafi, lokacin da iska ta yi laushi ba ta ɗaga nauyi sosai. Na sani, yana cikin rahoton, amma bai jira in faɗa ba. Ya ce tunda na san fasinja a takarda kawai, in je filin jirgi in tsaya a bakin sikeli mako guda. Na je. Na ga buhuna da akwatuna da jarkokin zamzam, na ga mace ɗaya da kayan da za su cika shago. Da na dawo na ce masa ya yi gaskiya. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ban aike ka don ka ba ni labari ba."

Gaskiyarsa ba ta taɓa ba ni haushi kamar yadda yake faɗinta ba. Zai iya kirana ofis ya nuna mini kuskurena cikin minti biyar. Ya zaɓi ya yi a gaban mutanen da zan ci gaba da gaisawa da su kullum.

Aka ɗauko masu inji biyu haya, guda uku, duk iri ɗaya. A nan ma Kawu bai sassauta ba. Ya ce iri ɗaya ko babu: matuƙa horo ɗaya, injiniyoyi horo ɗaya, kayan gyara rumbu ɗaya, idan wani ya lalace wani ya shiga hanyarsa ba tare da an canza komai ba. Wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba har yau shi ne kujeru. An ƙera jiragen ne don a jera kujera takwas a kowane layi. Kawu ya ce tara. Ya matse tsakanin layi da layi har sai da gwiwar dogon mutum ta taɓa bayan kujerar gaba, ya kuma sa aka cire banɗaki ɗaya aka ƙara layi. Na ce masa fasinjojinmu tsofaffi ne, da yawansu daga ƙauye, wasu ba su taɓa shiga jirgi ba, kuma za su yi sa'o'i a zaune. Ya ce, "Sun biya a kai su ne, ba su biya zama ba."

Bayan shekara biyu Inna ta tashi tafiya Umra a jirginmu. Ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa. Akwai layin gaba mai ɗan fili, sai na je na roƙi Kawu a sa ta a nan. Ya ce layin na wanda ya biya ƙari ne, kuma dangin ma'aikata ba sa shigarsa ko sun biya, shi ya kafa dokar. Na ce, "Kawu, ƙanwarka ce." Ya ce, "Shi ya sa."

A keken marasa lafiya aka sauko da ita ranar da ta dawo, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ta yi wata guda ba ta taka ƙasa sosai ba. Da Kawu ya zo Kaura ya shiga gaishe ta, ina wurin. Ta yaye zane ta nuna masa ƙafar ta ce, "Yaya, ga aikinka. Ko tumaki in za a kai Legas ana bar musu wurin juyawa."

Ya dubi ƙafar ya ce, "Kin ga Ka'aba ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

"Da kujera takwas na bari, da tikitin ya fi ƙarfinki, da kina nan kina ji a bakin mutane. Ki shafa man zafi."

Ya tashi ya fita. Inna ba ta sake yi masa doguwar magana ba sai bayan shekaru. Abin takaicin shi ne ban iya ce mata ƙarya ya yi ba. Na san lissafin. Na kuma san a cikin wannan jirgin akwai tsofaffi daga Zurmi da ƙauyukan Shinkafi da ba don kujerar nan ta tara ba da ba su je ba har su mutu. Amma na riƙe shi a raina, saboda ko sannu bai ce mata ba.

Kamfani ya yi ƙarfi, mai kamfani kuma ya fara jin jiragen haya sun yi masa kaɗan. Yana son nasa na kansa, babba, wanda za a rubuta sunan mahaifiyarsa a hancinsa. Wani dillali ya nuna masa tsohon mai inji huɗu, mai bene, a farashin da ya ce kyauta ne. Abokan jarinsa suka ce ba za su yarda ba sai ofishin tsari ya sa hannu. Kawu ya ƙi. Ya ce inji huɗu baki huɗu ne, dukkansu mai suke sha. Ya ce babban gyaran jirgin ya kusa, shi ya sa masu shi suke gudunsa. Ya ce sai an nemo matuƙa daban, injiniyoyi daban, kayan gyara daban saboda jirgi ɗaya tak, kuma idan lokacin Umra ya wuce ba mu da mutanen da za su cika shi. Duk wannan daidai ne. Amma Kawu ba ya iya tsayawa a daidai. Ya dubi mai kamfani a gaban abokan jarinsa ya ce, "Alhaji, in abin hawa na ado kake so, ka sayi doki."

Washegari mai kamfani ya kira ni ofishinsa. Ya ce ya lura an daɗe ana danne ni. Ya ce Kawu ya tsufa, kujerarsa tana buƙatar mai sabon tunani. Ya turo mini takardar amincewa da sayen jirgin.

Na san abin da Kawu ya sani, layi bayan layi, don ni na haɗa masa alƙaluman. Ban sa hannu don na yarda da jirgin ba. Na sa ne ina tuna dariyar ɗakin taro da ƙafar Inna. Na rubuta rahoto mai nuna za a cika jirgin duk shekara, na san ba za a cika ba.

Kawu ya kwashe littattafansa a kwali biyu. Da zai fita ya tsaya a bakin teburina. Na miƙe, ina jiran zagi. Ya ce, "Kujerar tana karkata hagu, ka sa mata takarda a ƙafa." Ya wuce. Ya dawo Kaura, ya koma gidan da ya gina kusa da tsohuwar tasha.

Aka sayo jirgin, ya yi lokacin Umra ɗaya yana tashi cike da mutane, aka yi ta ɗaukar hoto. Daga nan ya riƙa tafiya rabinsa iska. Sai lokacin gyara ya zo, aka ja shi gefen fili, aka rufe injinansa da tamfol. Abin da jiragen haya ukun suke samowa shi yake cinyewa yana tsaye. Waɗanda suka ba mu hayar suka zo suka karɓe nasu ɗaya bayan ɗaya. Ba a cika shekara uku ba aka rufe kamfanin. Matuƙa sun sami wasu wuraren. Masu lodin kaya da masu shara da masu sayar da tikiti, waɗanda da yawansu 'yan yankinmu ne da Kawu ya shigar, suka koma gida hannu wofi. Ni ma haka.

Na yi wata bakwai ba aiki, ina guje wa Kaura. Da Babbar Salla Inna ta matsa na zo. Kawu ya aiko in same shi a zaure bayan la'asar. Mu biyu ne kawai. Ya ciro kwafin rahoton da na sa wa hannu, ban san inda ya samo shi ba, ya miƙo mini ya ce in karanta da ƙarfi. Na ce, "Kawu, na san abin da ke ciki." Ya ce, "Karanta." Na karanta shafi goma sha huɗu, ina da furfura a gemu, yana tsayar da ni a kowane layi yana tambaya, "Wanga, ka yarda da shi sa'ad da ka rubuta?" Ina cewa a'a. Da na gama ya ba ni ambulan, ya ce in kai wa wani tsohon abokin aikinsa da yake shugabantar ofishin tsari a wani kamfani a Legas.

Na kai. Mutumin ya buɗe ya karanta, ya dube ni, ya juyo mini da takardar. Layi biyu ne. Kawu ya rubuta cewa na san aikin fiye da duk wanda ya koyar, amma kada a bar ni ni kaɗai a ɗaki da mai kamfani. An ɗauke ni. Har yau a can nake, kuma har yau shugabana ya san wannan layin na biyu. Alherin Kawu ke nan. Ba ya ba ka abu sai ya haɗa da abin da zai riƙa sukarka.

Haka ya yi wa dangin matarsa da 'yan bindiga suka tasa daga Kurya Madaro. Ya buɗe musu gidansa, ya ciyar da su fiye da shekara, bai taɓa cewa su tafi ba. Amma ya auna ɗakuna da tef ya raba musu, ya kafa lokacin ɗiban ruwa, kuma kullum da safe sai ya yi musu faɗan takalma a tsakar gida. Sun tafi suna godiya, ba su sake zuwa ko ziyara ba.

Da ciwo ya kwantar da shi na zo na same shi da hantsi, ya rame, an jingina shi da filo. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Nawa na yafe. Na mutanen da suka rasa abincinsu ba nawa ba ne. Je ka same su."

Na zauna ina jira ko shi ma zai ce in yafe masa wani abu, ko ya ce in kira Inna. Ya ce in ja labule, rana tana dukan idonsa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Bayan addu'ar bakwai na shiga mota na tafi Zurmi. Akwai wani tsohon shugaban masu lodin kaya na kamfanin, yanzu yana sayar da albasa a bakin kasuwa. Ya gane ni, ya ba ni benci, ya yi mini gaisuwar Kawu a taƙaice. Na ce na zo neman yafiya kan takardar da ta kawo babban jirgin nan.

Ya ce, "Ai ya riga ya tafi. Na yafe mishi, Allah Ya yafe mana."

Na ce, "Ba don shi na zo ba. Shi ƙin sa hannu ya yi, shi ya sa aka kore shi. Ni na sa."

Ya ajiye albasar da ke hannunsa. Ya ce su abin da aka gaya musu a fili shi ne Kawu ne ya zaɓo jirgin, da ya ga ya ɗauko bala'i sai ya gudu gida ya bar su. Ya ce shi da kansa ya taɓa tare Kawu a tashar motar Kaura ya gaya masa maganganu a gaban jama'a.

Na ce, "Me ya ce maka?"

"Ya ce in matsa, na tare mishi hanya."

Shekara tara ana zaginsa da laifina, kalma ɗaya za ta wanke shi, bai faɗa ba. Na yi ta juya abin a hanyar dawowa. Ban sani ba ko rufa mini asiri ya yi, ko kuwa bai ga wanda ya isa ya yi wa bayani ba. Wanda ya san Kawu ya san duka biyun za su iya zama gaskiya.

Mai albasar bai ce ya yafe mini ba. Ya ce in ba shi lokaci, kuma akwai sauran mutane a Shinkafi da ya kamata su ji daga bakina. Zan je. Na rubuta wannan ne da sunana a fili don waɗanda ba zan iya kaiwa gare su ba su sani: Kawu bai zaɓi jirgin nan ba. Sauran abin da ake faɗa a kansa, na zafin baki da taurin rai, gaskiya ne, ni ma shaida ne, kuma ban janye ko ɗaya ba. Allah Ya gafarta masa abin da ya yi mana, Ya kuma gafarta mini abin da na bari ya ɗauka.